Yarinyar da take rubutu a bango: muhawara kan fina-finan samartaka na Taiwan

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da dare. Wannan makon ni ke da zaɓen fim. Na san wanda na kawo zai ɗaga wa wasu hankali, amma kwana uku ke nan ya ƙi barin raina. Sunansa Blue Gate Crossing, na Taiwan ne, ya fito a 2002, Yee Chih-yen ya ba da umarni. Bai cika awa ɗaya da rabi ba.

Yara uku ne 'yan sakandare a birnin Taipei. Yue-zhen ta kamu da son wani yaro mai suna Shi-hao, ɗan ƙungiyar ninƙaya ta makaranta, amma kunya ta hana ta ko gaishe shi. Sai dai ta riƙa tsintar abubuwan da ya yar tana ɓoyewa, tana aiken aminiyarta Ke-rou wajensa. Har wasiƙa ta rubuta masa ta sa sunan Ke-rou a ƙasa. Shi kuma da ya ga kullum Ke-rou ce ke zuwa, ya ɗauka babu wata ƙawa, ita ce ke sonsa take kewaye-kewaye. Ashe ita Ke-rou zuciyarta tana wajen ƙawar da ke aiken nata.

Inda ya tsaya min shi ne wurin da Ke-rou ta keɓe ita kaɗai tana rubutu a bangon ɗakin wasanni, tana nanata wa kanta cewa ita mace ce, maza ya kamata ta so. Kamar ɗalibar da malami ya sa ta rubuta jimla ɗaya sau ɗari, sai dai ita ta sa kanta. Shekarata 11 ina koyarwa a makarantar 'yan mata ta kwana, na san fuskar yarinyar da ke ɗauke da abin da ya fi ƙarfinta ba ta da wanda za ta gaya wa. Fuskar nan na gani a fim ɗin.

Auwalu Ɗan Kasuwa:
Wa'iyazu billahi. Malama, fim ɗin 'yan maɗigo kika kawo mana? Ni kam ba da ni ba.

Shugaban zaure:
Auwalu, a yi haƙuri. Dokar gidan nan tun farko ita ce mai sukar fim ya soke shi da hujja, ba a taɓa mutuncin wanda ya kawo. Wanda ba ya son shiga ya jira mako mai zuwa.

Malam Sabo:
Wa alaikumus salam Malama. Ni na kalla kafin in yi magana, don kada in yanke hukunci a kan abin da ban gani ba. Gaskiya ɗaya ce, babu batsa a cikinsa, ya fi yawancin abin da yaranmu ke kallo a waya tsabta. Amma wannan tsabtar ce ta fi ba ni tsoro. Fim mai batsa kana gani ka kashe. Wannan kuwa an shafa wa maɗaci zuma, an sa ka ji tausayin yarinyar har ka manta mene ne zuciyarta ke ja ta gare shi. Hukuncin luwaɗi da maɗigo a addininmu a bayyane yake, ba ya sauyawa don yarinyar tana da kyawun hali ko don kiɗan fiyano yana da daɗi. Kuma ku duba inda ƙasar ta kai. A 2019 Taiwan ta halatta auren jinsi, ita ce ta farko a nahiyar Asiya. Ba rana ɗaya aka kai can ba, da irin waɗannan fina-finan aka yi ta laƙanta wa mutane a hankali.

Injiniya Nura:
Malam, Allah ya ƙara girma. Ba zan yi jayayya da kai a kan hukunci ba, ni ma a nan nake. Amma na yi shekara biyu ina karatu a Taiwan, kuma ina ganin idan muka ɗauki fim ɗin a matsayin talla kawai za mu rasa inda ya fito.

Daga 1949 zuwa watan Yulin 1987 Taiwan tana ƙarƙashin dokar soja, shekara 38. Makarantun sakandare kamar ƙananan barikoki suke. Akwai hafsoshin soja da aka ajiye a cikin makarantu suna kula da ɗa'a. Maza aski ƙasa-ƙasa, mata gashi ba ya wuce kunne. Lambar ɗalibi a ɗinke take a ƙirjin rigarsa, duk inda ya yi laifi a gari an san shi. Ga jarrabawar shiga jami'a guda ɗaya tak da ke yanke wa yaro makomarsa. Har yaren gida ana hukunta yara idan suka yi shi a aji, sai Mandarin.

To masu shirya fim da suka taso a wannan zamani, da suka samu dama, labarin yarinta suka fara bayarwa, don ta nan ne za ka faɗi abin da gwamnati ta yi wa mutane ba tare da ka ambaci gwamnati ba. Hou Hsiao-hsien ya yi The Boys from Fengkuei a 1983, samari 'yan zaman banza daga wani ƙauyen masunta a tsibiran Penghu da suka tafi Kaohsiung neman aiki kafin a ɗauke su aikin soja na dole. Edward Yang ya yi A Brighter Summer Day a 1991, kusan awa huɗu, a kan wani kisa da ya faru da gaske a Taipei a 1961, ɗan makaranta ya daɓa wa yarinyar da yake so wuƙa. A cikin fim ɗin 'yan sandan ciki sun kama uban yaron sun yi ta tatsarsa da tambayoyi, ya dawo gida ba shi ne ba. Yaron yana kallon ubansa ya karye, ba mai yi masa bayani. Waɗannan biyun babu zancen jinsi a cikinsu. Abin da ya haɗa su da Ke-rou shi ne yaro yana girma a gidan da kowa ya iya shiru.

Zee:
Ni ta Netflix na shigo harkar nan. Your Name Engraved Herein na 2020, wallahi sai da na yi kuka. Yaya Nura, shi ma ai a 1987 aka kafa labarin, daidai lokacin da aka ɗage dokar sojan, a makarantar maza ta 'yan Katolika. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda Jia-han, yaron da labarin ke kansa, ya je wajen limamin cocin makarantar, ɗan Kanada, fuskarsa duk jini yana tambayarsa. Bai je don ya yi wa addininsa tawaye ba, ya je ne don ya rasa inda zai sa kansa. An ce a waje an samu 'yanci, amma a ɗakin kwanan ɗalibai ana nan ana dukan duk wanda aka zarga.

Injiniya Nura:
Haka ne ƙanwata, kuma ya yi kasuwa sosai a can, ya wuce dalar Taiwan miliyan 100. Sai dai ni a ganina ya cika matsa wa mai kallo ya yi kuka. Blue Gate Crossing bai roƙi hawayen kowa ba. Yara ne a kan kekuna suna tsayawa a danja, kowa na ɗan turo kekensa gaba don ya saci kallon ɗan'uwansa. Da wannan kaɗai darakta ya gama faɗin abin da wani zai ɓata rabin awa yana faɗa.

Hajiya Balaraba:
Ni fa duk kun tsallake wadda ta fi ba ni tausayi. 'Yata ce ta sa na kalli wanda Zee ta faɗa, daga baya na nemi wasu biyu, Eternal Summer na 2006 da Girlfriend Boyfriend na 2012. Duka ukun gini ɗaya ne: samari biyu da yarinya ɗaya a tsakiya. Kuma kullum ita yarinyar ce ake mayarwa garkuwa. Yaro ya ji tsoron abin da ke ransa, sai ya ruga ya kama yarinya don ya nuna wa duniya lafiyarsa ƙalau. A na 2020 ɗin har aure aka yi. Bayan shekaru aka nuno matar, auren ya mutu, tana cewa da ta sani tun farko da ba ta ɓata rayuwarta tana ƙoƙarin abin da ba zai yiwu ba. Minti nawa aka ba ta a fim ɗin? Kaɗan. Duk kiɗan da hawayen na mazan ne.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Na san wata baiwar Allah da iyayen miji suka san halin ɗansu sarai, suka rufe, suka nemo masa ita a matsayin magani. Shekara shida ta yi tana zargin kanta, tana sayen kayan gyaran jiki, tana ganin ita ce ta gaza. Ba wanda ya taɓa ba ta haƙuri har yau. Duk matsayin da mutum ya ɗauka a kan wannan magana, 'yar mutane ba magani ba ce.

Malam Sabo:
Hajiya, a nan kam ina tare da ke ɗari bisa ɗari. Ɓoye aibi a aure yaudara ce, kuma wanda ya yaudare mu ba ya cikinmu.

Injiniya, na ji tarihin da ka kawo kuma na ƙaru. Amma ka gaya wa 'yan zaure sauran. Ba a yi ƙuri'ar raba gardama a can ba mutane suka ce ba sa so?

Injiniya Nura:
An yi, Malam. A watan Mayun 2017 kotun tsarin mulki ta yanke cewa hana auren ya saɓa wa tsarin mulki, ta ba majalisa shekara biyu ta gyara doka. A watan Nuwamban 2018 aka yi ƙuri'ar, sama da mutum miliyan 7 suka zaɓi a bar ma'anar aure a babbar dokar farar hula tsakanin mace da namiji. Shi ya sa majalisa ba ta taɓa waccan dokar ba, ta yi wata daban a ranar 17 ga Mayun 2019 don cika umarnin kotu. Wato su ma kansu a rabe yake, coci-coci da ƙungiyoyin iyaye sun yi gangami sosai. Ban ɓoye wannan ba. Abin da nake cewa shi ne a 2002, lokacin da aka yi fim ɗin Malama, ba maganar aure ake ba. Maganar yaran da ke cikin makarantu ake.

Maman Ilham:
Yawwa Injiniya, ka kawo ni inda nake son zuwa. Shekara biyu kafin fim ɗin, a watan Afrilun 2000, akwai wani yaro a ƙaramar sakandare a gundumar Pingtung da ke kudancin Taiwan, sunansa Yeh Yung-chih. Yaro ne mai sanyin hali, muryarsa da motsinsa irin na mata, yana son waƙa da girki. 'Yan makarantarsu suka sa shi gaba, har tsare shi suke a banɗaki su cire masa wando wai za su duba ko namiji ne. Saboda haka ya daina shiga banɗaki lokacin tara, sai ya nemi izini ana saura 'yan mintuna a tashi daga darasi, lokacin da ba kowa. Ranar nan ya fita daga ajin kiɗa haka, aka same shi kwance cikin jini a banɗakin, washegari ya rasu. Daga baya kotu ta samu shugaban makarantar da wasu ma'aikata biyu da laifin sakaci. Mahaifiyarsa manomiya ce, ta sha zuwa makaranta kai ƙara tun yana raye. Mutuwarsa na cikin abin da ya sa aka yi dokar daidaiton jinsi a harkar ilimi a 2004.

Malam, wannan yaron ba a kama shi da komai ba. Tafiyarsa ce kawai ba ta yi wa wasu ba. Ni kuma na ga irinsa a nan, yaron da 'yan aji ke kira ɗan daudu tun yana aji ɗaya har ya bar makaranta, malamai suna ji suna dariya. Ba cewa nake a sauya hukuncin Allah ba, wace ni. Tambayata ita ce, yarinya 'yar shekara 15 da ta tsinci kanta cikin ruɗani, ba ta aikata komai ba, tsoro ne ya cika ta, wa za ta tunkara a cikinmu? Idan ta san duk wanda ta gaya wa zai tona mata asiri a taron asuba, za ta haɗiye ne. Kuma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Malam Sabo:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wannan zalunci ne, ba addinin da ya yarda da shi. Suratul Hujurat ta hana izgili, ta hana jifan juna da munanan laƙabi, ta hana mugun zato da bin diddigin asirin mutane, duka a ayoyi biyu a jere. Malamin da ya ji ana kiran yaro da wannan suna ya yi dariya, zai amsa tambaya.

Kuma malamai sun bambanta tsakanin abin da ya ɗarsu a zuciya da abin da aka aikata. Yarinyar da ta zo da damuwa ba mai laifi ba ce, mai neman taimako ce, a rufa mata asiri a zauna da ita. Inda muka rabu da masu fim ɗin shi ne abin da za a ce mata bayan an zauna. Su za su ce ta bi zuciyarta. Ni zan ce ta yi haƙuri ta riƙe kanta, Allah yana ganin gwagwarmayarta. A kan wannan ba zan matsa ba.

Maman Ilham:
Na gode Malam. Sai dai fim ɗin bai ce mata ta bi komai ba, shi ya sa na kawo shi ba wani ba. Har ya ƙare Ke-rou ba ta san me za ta zama ba. Akwai dare ɗaya da take kwance kusa da mahaifiyarta, mai sayar da abinci a bakin titi, ta tambaye ta yadda ta yi ta rayu bayan babansu ya tafi. Uwar ta ce ita ma ba ta sani ba, haka dai ta wayi gari ta wuce. Yarinyar tana son ta faɗi nata, bakin ya ƙi buɗuwa. Uwa da 'ya a shimfiɗa ɗaya. Na dakatar da fim ɗin a nan na je na leƙa ɗakin Ilham.

Issoufou Maraɗi:
Salamu alaikum, ku gafarce ni na shigo a makare. Ni da fassarar Faransanci na kalle shi, an nuna shi a bikin Cannes a shekarar da ya hito. Abin da nike so in ƙara daban ne. Ina tsoron kada yawan wannan magana, daga masu goyon baya da masu ƙyama duka, ya kashe muna abota. Mu da muka tashi, aboki na riƙe hannun abokinsa daga masallaci har kasuwa, ku kwana ɗaki guda, ku ci kwano guda, ba wanda ya kawo komai a ransa. Yanzu ƙanena ya ce min ba ya yarda ya riƙa hannun abokinsa don kada a yi musu fassara.

A cikin fina-finan Taiwan ɗin ma akwai wanda abota ce zalla, Winds of September na 2008, samari 'yan sakandare a Hsinchu masu son ƙwallon besbol, a lokacin da badaƙalar sayar da wasa ta ɓata gasar ƙasar. Yadda amincinsu ya watse ya fi min ciwo bisa duk wani labarin soyayya. Kuma ko a fim ɗin Malama, wanda ya fi burge ni Shi-hao ne. Yarinyar da yake so ta gaya masa sirrin da zai iya hallaka ta da shi a makaranta. Ya ji zafi, amma bai kai wa kowa ba, bai kuma guje ta ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Samari nawa ne za su iya haka in an ƙi su?

Zee:
Kawu Issoufou ka faɗi gaskiya. A makarantarmu har uwar ɗaki da 'yar ɗaki sai da aka hana, wai don rigakafi. Ƙananan yara 'yan aji ɗaya suka rasa mai kula da su.

Ummu Sadiq:
Ban cika magana a zauren nan ba, karatu nake yi kawai. Yau dai zan yi.

Ina da aminiya a makarantar kwana, tun aji ɗaya gadonmu na kusa da juna. Marainiya ce, ranar ziyara ba mai zuwa mata, mahaifiyata ke haɗa mana kaya biyu. A aji biyar wata ta kai ƙararmu wajen matron cewa kusancinmu ya yi yawa. Allah shi ne shaida babu komai tsakaninmu sai ƙawance. Aka kira mu gaban malamai, aka raba mana ɗaki, labari ya zaga makaranta. Ni don in wanke kaina sai na daina yi mata magana kwata-kwata. In ta taho ta nan in bi ta can. Ta rubuto min takarda sau biyu, ban buɗe ba na yaga a gaban mutane don su gani. Haka muka gama makaranta.

Da na ga wurin da Yue-zhen ta juya wa Ke-rou baya, ba Ke-rou na gani a kaina ba, ɗayar ce ni. Shekara 19 ke nan. Jiya bayan na gama kallo na nemo lambarta wajen wata 'yar ajinmu. Tana Gombe, 'ya'yanta huɗu. Lambar tana cikin wayata, ban kira ba tukuna.

Hajiya Balaraba:
Ki kira ta gobe da safe, 'yata, kafin hidimar gida ta ɗauke miki hankali. Ba sai kin shirya dogon jawabi ba, sallama za ki yi ki faɗi sunanki.

Malam Sabo:
Ki kira, Allah ya sa ta karɓa. Injiniya, wancan mai awa huɗun na Edward Yang, in akwai inda ake samunsa da fassarar Turanci ka turo min ta gefe. Uban nan da aka kama nake son gani.

Shugaban zaure:
To shi za mu ɗauka, amma a raba shi biyu, rabi wannan Asabar rabi ta sama. Injiniya Nura ne zai buɗe mana. Auwalu, muna sa ranka.